ƘOFAR GIDA DA BAKIN GUDRON: YADDA AKE TSARE ƘANANAN YARA

Garin da gudron ya ratsa ya samu alheri. Albasar Galmi tana fita, wake da gero suna isa kasuwa, marar lafiya yana kai asibiti da wuri. Shi ya sa mutane suke ta matsowa da gidajensu bakin hanya. Duk wanda ya bi babbar hanya mai lamba 1, daga Yamai zuwa Doso, Dogon Dutsi, Birnin Ƙwanni, Madawa, Maraɗi, Tasawa har Damagaram, zai ga haka da idonsa. Haka nan hanyar Ƙwanni zuwa Tawa, da ta Maraɗi zuwa Ɗan Isa. Akwai gidajen da tsakanin zaurensu da gudron bai wuce taku 10 ba.

Abin hawa kuma sai ƙaruwa yake yi. Ga manyan motocin kaya, ga motocin fasinja masu dogon zango. Tun da aka buɗe matatar mai ta SORAZ kusa da Damagaram a shekarar 2011, ga tankokin mai. Ga babura ko'ina, har cikin lungu.

Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta ce a rahotonta na 2023 mutum kusan miliyan 1 da dubu 190 ke mutuwa kowace shekara bisa hanya a duniya. Ta ce tsakanin masu shekara 5 zuwa 29, babu abin da ya kai hatsarin hanya kisa. Su kuwa ƙannensu da ba su kai shekara 5 ba, ba sai sun yi nisa ba. Nasu hatsarin yana nan bakin ƙofar gida.

Tsawa ba ta isa ba

Yaro yakan fara tafiya wajen shekara 1. In ya kai shekara 2 sai gudu. Ƙafarsa ta yi ƙarfi, amma hankalinsa bai bi ta ba tukuna. In ya hango akuya, ko ƙwallo, ko babansa a wancan gefen hanya, to abin nan kaɗai yake gani. Bai san nisan mota ba, bai san saurinta ba. In ya ji ham, bai san ta inda ƙarar ta fito ba. Wani ya tsaya cak tsakiyar hanya, wani ya ruga gaba.

Uwa tana iya faɗa masa sau 20: «Kada ka fita!» Ya ce to. Kafin a jima ya manta. Wannan ba taurin kai ba ne, ƙuruciya ce. Duka ma ba ya ƙara masa wayon da shekarunsa ba su kai ba. Masu binciken lafiyar yara sun ce sai wajen shekara 10 yaro yake iya auna gudun mota da kyau, har a bar shi ya ƙetare shi kaɗai.

Ga kuma gajarta. Tsawon yaro mai shekara 2 wajen santimita 85 ne, bai cika kamu 2 ba. Direban babbar mota yana zaune can sama. Abin da ke dab da gabansa ko dab da bayansa, ba ya ganinsa, ko ta madubi.

A ce ma direba ya gan shi. Motar da ke gudun kilomita 50 a awa tana cin mita 14 cikin daƙiƙa guda, wato kafin mutum ya ce «ɗaya». Wannan daƙiƙar ita ce direba yake ɓatawa kafin ƙafarsa ta kai ga birki. In ya taka, sai motar ta ƙara cin kamar wannan kafin ta tsaya. Jimla, kusan mita 30. In gudun kilomita 90 take yi, sai wajen mita 70. Motar da ta yi lodin siminti ko albasa kuwa ta wuce haka nesa. To yaron da ya ɓullo daga zaure mai taku 10 da hanya, ina direba zai samu waɗannan mitoci?

Saboda haka maganin yana cikin gida. Tilas a sa wani abu tsakanin yaro da hanya, abin da ba ya mantuwa, ba ya gyangyaɗi, ba ya zuwa ɗiban ruwa. Wasu sukan ce komai ƙaddara ce. Gaskiya ne rai na Allah ne. Amma mai faɗin haka shi ne ya kewaye garkarsa da ƙaya saboda awaki, shi ne ya ɗaure jakinsa a turke. Bai bar su ga ƙaddara ba. Ɗan da ya haifa ya fi garka, ya fi jaki.

Ɗan ƙyauren da ke rufe kansa

Bisa al'ada zaure a buɗe yake wuni, don baƙi da masu sallama. Babu mai cewa a bar wannan. Inda gyara yake shi ne ƙofar ciki, wadda ta haɗa zaure da tsakar gida. A gidaje da yawa babu komai a wurin sai labule, ko asabari, ko tsohuwar tabarma. Waɗannan suna tsare ido, ba sa tsare yaro. Nan ya kamata a sa ɗan gajeren ƙyaure.

Ba sai na ƙarfe ba. Mai hali ya je wurin mai walda ko kafinta. Marar hali ya nemi sanduna masu ƙwari da igiyar kaba, ya haɗa da kansa. Abin da ake dubawa shi ne yadda aka yi shi.

Tsawonsa ya kai mita 1 da santimita 20, wato wajen ƙirjin babba. Sandunan su tsaya a tsaye. In aka gicciya su da yawa, an yi wa yaro tsani ke nan, hawa zai yi. Tsakanin sanda da sanda kada ya wuce faɗin yatsu 4 na babba. In ya fi haka, yaro zai tura jikinsa ya wuce, ko kansa ya maƙale. Haka nan tsakanin ƙyaure da ƙasa, domin mai rarrafe ta ƙasa yake bi.

Ƙyauren ya riƙa buɗewa zuwa cikin gida. Dalili kuwa, yaro turawa ya iya. In ƙyaure yana buɗewa waje, da ya jingina sai ya faɗa zaure. In yana buɗewa ciki, turawar da yake yi ƙara rufe shi take yi.

Sakata ko igiyar ɗauri ta kasance can sama, ta gefen zaure, inda babba zai miƙa hannu ya buɗe, yaro kuwa ba zai kai ba. Kada a sa kwaɗo da rana. In gobara ta tashi, ana so kowa ya fita ba tare da neman makulli ba.

Sauran abu guda, shi ne ya fi duka. Ƙyauren da aka bari a buɗe daidai yake da babu. Mai fita da tulu a ka, ko yarinya mai gaggawar lakwal, ba za su tsaya rufewa ba. To a yanko tsohuwar robar cikin taya, a ɗaura baki ɗaya a ƙyaure, ɗaya a jikin ginshiƙi, ta ɗan yi tauri. Kowa ya wuce, robar za ta jawo ƙyauren ya koma. Masu faci suna da irin wannan roba jibge. Rana tana cinye ta, don haka a riƙa dubawa, in ta fara tsagewa a sake wata.

A kuma kawar da turmi, kujera, bokiti da tubali daga gindin ƙyaure. Ɗan shekara 3 ya iya jawo kujera ya taka.

Gidan da ba shi da katanga sai darni ko zana, aikinsa ya fi yawa. Iskar damina tana kayar da darni, gara tana cin gindinsa, awaki suna huda shi. Kafar da akuya ta bi, yaro ma zai bi. Magidanci ya zagaya gidansa, ya tsuguna daidai tsawon yaro, ya duba. Zai ga kafofin da bai taɓa gani ba yana tsaye. Bayan girbi kara yana da yawa, lokacin gyara ke nan. Amma kafar da ke kallon gudron ba a jira mata kaka, a toshe ta ranar da aka gan ta. Wanda yake son shinge mai rai ya dasa lalle. Ƙaya da aguwa a bar su can gona: ƙaya tana tsokane ido, ruwan aguwa kuma yana ƙona shi.

Wanda bai yi gini ba tukuna, shi ya fi kowa sa'a. Ya juya ƙofarsa ta kalli lungu, ya ba gudron baya. Bai ƙara ko tubali guda ba, amma ya yi wa jikokinsa aiki.

Yaron da ba shi da abin yi a ciki, waje zai nema. Inuwar bedi ko ƴar rumfa, da yashi mai tsabta, da ƴan gwangwanaye marasa kaifi, sun isa su riƙe shi. Sai dai wurin ya yi nisa da murhu, rijiya kuma a rufe ta.

Abin hawan da ke cikin gida

Ba motar baƙo kaɗai ke taka yaro ba. Wani lokaci ta gida ce, mai tuƙin kuma ubansa ne ko kawunsa. Wannan baƙin ciki ba ya gogewa.

Yara suna son inuwar mota da ta amalanke. Sukan shiga ƙasa su yi wasa, har barci ya kwashe su. Saboda haka duk mai mota, kafin ya tayar, ya zagaya ta da ƙafa, ya leƙa ƙasa. In zai ja da baya, sai ya ga an riƙe kowane yaro a hannu, ko wani babba ya tsaya yana duba masa. Kada a bar makulli a jiki. Mai amalanke, in ya kwance jaki ko sa, ya sa dutse a taya, ya tabbata ba za ta rinjaya ta faɗo ba in yaro ya rataya a bayanta. Mai babur ya kashe shi tun daga waje, ya turo shi ciki. Ya kafe shi inda ƙasa take da tauri, nesa da wurin wasa, don salansa mai zafi tana saɓule fatar yaro nan take.

Lokacin fitar uba ma lokacin hatsari ne. Ya hau babur ya tafi, bai waiga ba, ɗan yana biye da shi yana kuka. Haka in uwa ta ƙetare hanya za ta famfo. Kafin babba ya fita, ya ga wa ke riƙe da yaron.

Yaro na hannun wa?

Abin mamaki, yaro ya fi ɓacewa ranar da gida yake cike: ranar suna, ranar biki, ranar kasuwa. Kowa ya zaci wani ne yake kallonsa. An ce ɗa na kowa ne, amma tsaronsa sai an damƙa wa mutum guda. Uwa ta ce wa abokiyar zamanta: «Yaya, ga yaron nan hannunki, zan je famfo.» Kada ta ɗaga ƙafa sai ta ji an ce: «To, na karɓa.»

Yarinya mai shekara 6 ko 7 tana iya reno a tsakar gida, babba yana kusa. Bakin gudron kuwa ita kanta a tsare ta ake yi. Bai kamata a goya mata ƙane a aike ta ƙetaren hanya ba. Mai talla da ke rugawa wurin motar fasinja, idonta yana kan ciniki, kada a haɗa ta da ƙaramin yaro.

In babba zai bi hanya da yaro, ya riƙe shi a wuyan hannu, don ƴan yatsu suna zamewa. Babba ya kasance ta gefen motoci. A bi gefen da ake fuskantar mota mai zuwa. Da almuru, da kwanakin hazo, direba ba ya gani sosai, gara a goya yaron ko a saɓa shi.

Akwai abin da gida ɗaya ba zai iya ba. Mai gari da dattawa suna iya kai kuka ga hukuma da jandarma, a kafa allon rage gudu, ko a yi tudun nan da ke tilasta wa direba taka birki. Amma kada samari su jera itace ko duwatsu bisa hanya da kansu. Tudun da ba shi da alama yana kayar da mai babur da dare. Shanyar tattasai ko gero a gefen gudron ita ma a daina, don inda uwa ta zauna gadi nan ɗanta zai yi wasa.

In abin ya riga ya faru

A fara tsayar da motoci, kada a ƙara wani hatsarin. Kada a girgiza yaron, kada a ja masa hannu ko ƙafa, kada a ɗura masa ruwa. Inda jini ke zuba a danne da tsumma mai tsabta. In za a ɗauke shi, a kwantar da shi bisa wani abu shimfiɗaɗɗe mai ƙarfi, kamar ƙyaure ko allo, mutum guda ya riƙe kansa da wuyansa kada su karkace.

A kai shi asibiti mafi kusa, ko da ya tashi da kansa, ko da ba a ga rauni ba. Jini yana iya zuba cikin kai ko cikin ciki ba a sani ba. Maɗori ba ya ganin wannan, don haka likita ne farko. Tun shekarar 2006 gwamnatin Nijar ta yanke cewa a duba yaran da ba su wuce shekara 5 ba kyauta a asibitocinta, saboda haka a tafi da katin awon yaron. In an sallamo shi, a sa masa ido kwana 2. In ya fara amai, ko barci mai nauyi da ba a iya tashinsa, ko jijjiga, ko cikinsa ya kumbura, a koma da shi nan da nan, ko da tsakar dare ne.