Daga Shikago zuwa Babura: Tarihin Rotary da yaƙin shan-inna

A garuruwan Kazaure, Roni, Gwiwa da Babura, kowa ya san masu rigakafi da ke bin gida-gida, suna ɗiga wa yara magani a baki, su shafa musu tawada a ƙaramin yatsa, su yi rubutu da alli a bangon gida. Kaɗan ne suka san cewa daga cikin masu ɗaukar nauyin wannan aiki har da wata ƙungiya ta 'yan sa-kai mai suna Rotary.

Wani lauya, Paul Harris, ne ya kafa ƙungiyar a birnin Shikago na Amurka a 1905, domin haɗa 'yan kasuwa da masu sana'o'i. Sannu a hankali ta bazu a duniya, har wakilanta suka halarci taron kafa Majalisar Ɗinkin Duniya a 1945 a matsayin masu ba da shawara. A Kano aka buɗe reshenta na farko a Najeriya a 1961, lokacin da yankin Jigawa ta yau yake ƙarƙashin Kano.

A 1985 Rotary ta ƙaddamar da shirin PolioPlus. Bayan shekara uku ta haɗa hannu da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF da wasu domin kawar da shan-inna. A lokacin, cutar tana gurgunta yara kimanin 350,000 duk shekara a ƙasashe 125.

Babbar jarrabawa ta zo a 2003, lokacin da aka dakatar da rigakafin a Kano saboda jita-jitar cewa maganin yana hana haihuwa. A wannan shekarar ce kuma wani lauya mazaunin Kano, Jonathan Majiyagbe, ya zama ɗan Afirka na farko da ya shugabanci Rotary ta duniya. Kafin a shawo kan lamarin, ƙwayar cutar ta tsallaka ƙasashe da dama, har Indonesiya. An koma rigakafi a Kano a 2004, kuma sai da sarakuna da malamai suka shiga gaba sannan iyaye da yawa suka sake buɗe ƙofa.

Darasin ya fi shafar wurare irin Babura da ke bakin iyakar Nijar, inda aure da cin kasuwa ke haɗa ɓangarorin biyu. Idan an yi wa yaro rigakafi a nan aka bar ɗan'uwansa a tsallaken iyaka, aikin bai kammala ba. Shi ya sa ƙasashen yankin kan daidaita lokutan rigakafinsu.

A ranar 25 ga Agusta, 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar shan-inna. Sai dai har yanzu tana nan a Afganistan da Pakistan, kuma wani nau'inta na ɓulla a arewacin Najeriya inda ake tsallake yara. Saboda haka masu rigakafi ke ci gaba da sallama a ƙofar gidaje.