Zanen aro ba ya rufe katara: gudummuwar ƙasashen waje ga zaɓe a Nijar

Zaɓe aiki ne mai cin kuɗɗi. Kafin ɗan ƙasa ya jefa ƙuri'a guda cikin akwati, sai an rubuta sunansa, an buga masa kati, an buga takardun ƙuri'a, an sayi akwati da tawada da fitila, an horar da ma'aikata, sa'an nan an ɗauki kayan nan duka an kai su kowace rumfar zaɓe. A ƙasa mai faɗin Nijar, wadda ta zarce murabba'in kilomita miliyan ɗaya da dubu 200, wannan jigila kaɗai ta isa ta girgiza baitulmali: daga Yamai zuwa Bilma, daga Gaya zuwa Ngigmi, wani wuri da mota, wani wuri da jirgin sama, wani wuri kuwa sai da raƙumi ko kwalekwale. A zaɓen shekara ta 2020 rumfunan zaɓe sun kai kusan dubu 26.

Shi ya sa tun da aka koma tsarin jam'iyyu da yawa, bayan Babban Taron Ƙasa na shekara ta 1991, da wuya a sami wani babban zaɓe da aka yi ba tare da hannun ƙasashe aminai da ƙungiyoyin duniya ba. Ya dace mai karatu ya san yadda wannan gudummuwa take zuwa, abin da ta gyara, da kuma inda ƙarfinta ya tsaya.

Yadda gudummuwar take zuwa

Hanya ta farko ita ce ta asusun haɗin gwiwa. Maimakon kowace ƙasa ta miƙa nata kuɗɗin ga gwamnati, sai masu ba da taimako su zuba cikin asusu guda, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da raya ƙasashe, watau PNUD, ta riƙe shi. Daga cikinsa ake sayen kayan aiki, a biya kuɗɗin horo da na jigila, bisa lissafin da hukumar zaɓe ta gabatar. Haka aka yi a zaɓuɓɓukan 2010 da 2011 ƙarƙashin shirin da aka kira PAPEN, inda Tarayyar Turai ta kasance cikin manyan masu zubawa.

Hanya ta biyu ita ce ta masana. Akan aiko da ƙwararru su zauna tare da hukumar zaɓe, su taimaka wajen tsara kalandar aiki, ko su binciki kundin sunayen masu zaɓe. Hanya ta uku ita ce ta ƴan sa ido, na waje da na gida. Na waje sukan fito daga Tarayyar Afirka, CEDEAO, ƙungiyar ƙasashe masu magana da Faransanci ta OIF, ko Tarayyar Turai. Na gida kuwa ɗiyan ƙasa ne daga ƙungiyoyin fararen hula, waɗanda sau da yawa kuɗɗin horonsu da guzurinsu daga waje suke zuwa. A shekara ta 2005, a birnin New York, manyan ƙungiyoyin sa ido suka sa hannu bisa wasu ƙa'idoji na bai ɗaya: ɗan sa ido ba ya goyon bayan kowa, ba ya tsoma baki cikin aikin rumfa, kuma ba ya yanke hukunci bisa ranar zaɓe kaɗai.

Kowane kaya da ake kawowa yana da ƙofar maguɗi da aka nufa ya toshe. Akwatin da ake ganin cikinsa yana hana a cika shi da ƙuri'u tun da asuba kafin jama'a su iso. Hatimin roba mai lamba da ake ɗaure murfinsa da shi yana nuna ko an buɗe shi a hanya. Tawadar da ba ta goguwa, wadda takan kwana da kwanaki a yatsa, tana hana mutum guda ya yi zaɓe sau biyu. Ɗakin sirri yana kare talaka daga idon wanda yake jin tsoro. Waɗannan abubuwa sun yi amfani ƙwarai, kuma duk wanda ya ga zaɓen zamanin jam'iyya ɗaya ya san bambancin.

Darasin shekara ta 1996

Amma tarihin ƙasar nan ya nuna cewa kayan aiki suna da iyaka. A watan Maris na 1993 Mahamman Usman ya ci zaɓen shugaban ƙasa a zagaye na biyu, Tanja Mamadu ya amince da sakamakon. A watan Janairu na 1995 ƴan adawa suka rinjayi zaɓen majalisar dokoki, aka kuma ba su nasararsu. Ran 27 ga Janairu 1996 soja suka karɓi mulki ƙarƙashin Kanar Ibrahim Bare Mainasara, masu ba da taimako suka matsa a koma ga zaɓe da gaggawa.

Aka yi zaɓen ran 7 da 8 ga watan Yuli na 1996. Akwai akwatuna, akwai ƴan sa ido, akwai hukumar zaɓe mai zaman kanta, watau CENI. Ana cikin tattara sakamako sai mahukunta suka rushe hukumar, suka naɗa wata sabuwa a madadinta, aka kuma tsare sauran ƴan takara huɗu a gidajensu. Sabuwar hukumar ta bayyana cewa shugaba Bare ya ci tun zagayen farko da kashi 52 cikin 100. Manyan jam'iyyun adawa suka ƙaurace wa zaɓen majalisa na watan Nuwamba. Amurka ta janye mafi yawan taimakonta, daga baya ma ta rufe ofishin hukumarta ta USAID a Yamai. Rikicin bai lafa ba har aka kashe shugaban ran 9 ga Afrilu 1999.

Babu wani mai ba da taimako da ya iya hana abin da ya faru a wannan dare. Ɗan sa ido yana iya gani, ya rubuta, ya faɗa wa duniya. Ba shi da ikon riƙe hannun wanda ke da bindiga da hatimin hukuma.

Shekara ta 2011: sa'ad da gayya ta yi kyau

Shekaru goma sha biyar bayan haka aka ga ɗaya fuskar al'amarin. Bayan rikicin tazarce na 2009, wanda ya sa Tarayyar Turai ta dakatar da taimakonta, CEDEAO kuma ta dakatar da Nijar, soja suka kifar da shugaba Tanja ran 18 ga Fabrairu 2010. Gwamnatin riƙon ƙwarya ta Salu Jibo ta haramta wa membobinta tsayawa takara. Cikin ƙasa da wata biyar aka yi ƙuri'ar raba gardama bisa sabon tsarin mulki ran 31 ga Oktoba 2010, da zaɓen ƙananan hukumomi, da na majalisa, da na shugaban ƙasa zagaye biyu, na ƙarshensu ran 12 ga Maris 2011. Mahamadu Isufu ya sami kusan kashi 58 cikin 100. Kwanaki kaɗan bayan haka Seini Umaru ya fito fili ya amince da shan kaye.

A wannan karo ma kaya sun makara a wasu rumfuna, kundin sunaye ma yana da kurakurai. Abin da ya sauya shi ne masu riƙe da mulki ba su da ɗan takara a cikinsu, jam'iyyu duka suna da wakilai a hukumar zaɓe, kuma wanda ya faɗi ya karɓi ƙaddara. Taimakon waje kamar gayya ne: maƙwabta sukan zo da haukoki su rage wa mai gona aiki, amma in iyalin gidan suna gardama bisa iyakar gonar, yawan ƴan gayya ba zai raba su ba.

Ƙasar Gana ta bi irin wannan hanya tun da wuri. Bayan zaɓen 1992 da ƴan adawa suka ce an yi musu fashi, hukumar zaɓe ƙarƙashin Kwadwo Afari-Gyan ta kafa wani zaure a shekara ta 1994 inda jam'iyyu suke zama da ita. A nan aka daidaita bisa sabon kundi, katin zaɓe mai hoto, akwatin da ake ganin cikinsa, da wakilin kowace jam'iyya a kowace rumfa. Sai bayan an daidaita ne kuɗɗin waje suka zo suka biya abin da aka amince da shi. A zaɓen 2008 ƙuri'u kimanin dubu 40 kacal suka raba ƴan takara biyu na gaba, jam'iyya mai mulki ta sauka ba tare da tashin hankali ba.

Kundin sunaye, tushen gardama

A Nijar yawancin gardamar zaɓe daga kundi take farawa, domin ɗimbin jama'ar karkara ba su da takardar haihuwa ko katin ɗan ƙasa. Gabanin zaɓen 2016 ƴan adawa suka ce kundin cike yake da ƙarya. Aka gayyato masanan OIF suka bincika, suka ba da shawarar a soke rumfunan bogi fiye da 300, a kuma cire sunaye kimanin dubu 25 da aka rubuta sau biyu. Aka gyara. Duk da haka sabuwar gardama ta taso bisa zaɓe ta hanyar shaidu, watau a bar wanda ba shi da takarda ya yi zaɓe in mutum biyu sun shaide shi. A zagaye na biyu, ran 20 ga Maris 2016, Hama Amadu ya yi takara alhali ya shafe watanni a tsare, ƴan adawa suka ƙaurace, shugaba Isufu ya sami fiye da kashi 92 cikin 100.

Domin a rufe wannan ƙofa aka koma ga kundin zamani mai ɗaukar hoto da zanen yatsu. Alƙalai suka zagaya ƙauyuka suna ba da takardun haihuwa, aka ba kamfanin Gemalto kwangilar aikin, aka rubuta masu zaɓe kimanin miliyan 7 da dubu 400. Na'ura tana gane mutumin da ya rubuta sunansa sau biyu, amma ba ta iya zuwa inda ma'aikaci ya kasa zuwa. Rashin tsaro ya hana rajista a wasu garuruwan jihar Tilaberi, annobar korona kuma ta hana rubuta ƴan Nijar mazauna ƙetare. Hukumar CENI ta zama ta dindindin a shekara ta 2017, sai dai ƴan adawa sun daɗe suna ƙin zama bisa kujerunsu a cikinta.

Ran 21 ga Fabrairu 2021, ranar zagaye na biyu, ma'aikatan zaɓe bakwai suka rasa rayukansu sa'ad da motarsu ta taka nakiya a yankin Dargol. Da aka bayyana cewa Mohamed Bazum ya sami kusan kashi 56 cikin 100, Mahamman Usman ya ƙi amincewa, tarzoma ta tashi a Yamai da wasu garuruwa, aka katse intanet na wayar hannu kwana kusan goma. Kotun tsarin mulki ta tabbatar da sakamakon, aka miƙa mulki ran 2 ga Afrilu 2021, karo na farko daga zaɓaɓɓen shugaba zuwa zaɓaɓɓen shugaba. Kundin da ya fi kowane tsada bai kawo zaɓen da ya fi kowane samun amincewa ba.

Takarda guda mai nauyi

In aka duba zaɓuɓɓukan da suka lalace a Afirka, sau da yawa ɓarnar tana faruwa ne tsakanin rumfa da babban birni. A Kenya, a shekara ta 2017, an kashe kuɗɗi masu yawa bisa na'urori, manyan ƴan sa ido na waje sun yaba da ranar zaɓe, amma kotun ƙoli ta soke zaɓen shugaban ƙasa saboda yadda aka aika da sakamako. A Malawi, kotu ta soke zaɓen 2019 bayan an tarar da takardun sakamako da aka shafe alƙalumansu da farin ruwan gyaran rubutu, aka rubuta wasu.

Saboda haka takardar sakamakon rumfa ita ce zuciyar al'amarin. Ana ƙirga ƙuri'u a rumfar da aka jefa su, a gaban jama'a. Ana rubuta abin da kowa ya samu, wakilan ƴan takara su sa hannu, kowane ya tafi da shaidarsa. In hukumar zaɓe ta buga sakamako rumfa-rumfa, kowace jam'iyya tana iya haɗa nata lissafin ta gwada da na hukuma. Wanda yake da ƙorafi ya tafi kotu da takarda a hannu; wanda ba shi da ita sai ya tafi titi da dutse.

Wannan aiki ba ya bukatar miliyoyin kuɗɗin waje. Yana bukatar mutum a kowace rumfa wanda ya iya karatu da lissafi, wanda zai zauna har a gama ƙirga, ya karanta abin da aka rubuta kafin ya sa hannu. A nan ne ɗaliban yaƙi da jahilci suke da babban matsayi. Ƙauyen da ke da mutum goma masu karanta lamba ya fi ƙauyen da ɗan sa ido na waje ya ziyarta na rabin sa'a ya wuce.

Abin da ya rage ga masu gida

Ran 26 ga Yuli 2023 soja suka sake karɓar mulki ƙarƙashin Janar Abdurahman Tiani, manyan masu ba da taimako na Turai da Amurka suka dakatar da mafi yawan huldarsu. A shekara ta 2025 Nijar ta kammala fita daga CEDEAO, ta bayyana ficewa daga OIF, aka rushe jam'iyyun siyasa, aka kuma tsayar da wa'adin riƙo na shekara biyar wanda ake iya sauyawa. Ke nan da yawa daga cikin hannuwan da suka saba tallafa wa zaɓe sun yi nisa.

Duk ranar da aka sake fito da akwatuna, tambayoyin da shekaru talatin suka bari za su dawo. Zaɓe ba fari ba ne, ba ambaliya ba ne da ke zuwa ba zato. An san ranarsa tun shekaru kafin ya zo, don haka ana iya ware masa kuɗɗi kaɗan-kaɗan cikin kasafin kowace shekara. Rubuta haihuwa da mutuwa a kowace ƙaramar hukuma zai sa kundi ya riƙa gyara kansa, maimakon a sake shi daga tushe duk shekara biyar. Ma'aikacin da aka horar, in an riƙe shi, ba sai an sake neman mai biyan horonsa ba. Sa'an nan a zauna a daidaita bisa dokokin wasa tun kafin a san wanda zai ci.

Taimakon aminai abin godiya ne, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, shi ne kuma zai kwana a cikinsa bayan baƙi sun koma gida.