Zancen Kaɗaici a Wasan Kwaikwayo

Zancen kaɗaici dogon jawabi ne da ɗan wasa ke yi shi kaɗai, babu mai amsa masa. A wurin tantance 'yan wasa, akan ba mutum minti ɗaya zuwa biyu ya gabatar da wanda ya haddace. Da shi darakta ke auna muryarsa, fitar harafinsa, da yadda ya shiga halin wanda yake kwaikwaya, kafin a ɗauke shi ko a sallame shi.

A ƙasar Hausa, 'yankamanci ne ya fi kusa da shi: ɗan kama kan kwaikwayi karatun malamai a gaban taro, alhali zancen abinci yake yi. C.G.B. Gidley ya yi nazarinsa a 1967.