Allon da ke Ƙarƙashin Ruwa Shi ne Asirin Gudun Jiragen Tsere

Mutumin Jos bai saba da babban ruwa ba, in ban da kududdufan da haƙar kuza ta bari a Rayfield da Bukuru. To, in neman abinci ya kawo shi Ikko, ba zai rasa ganin waɗansu jirage masu dogon ƙyalle suna tsere a bakin teku ba inji, iska kaɗai ke tura su. Yawancinsu na ƙungiyar Lagos Yacht Club ne, wadda aka kafa a 1932. A cikinsu akwai masu gindi biyu, watau kamar kwale-kwale biyu sirara da aka haɗa da sanduna. Turawa na kiran irin wannan katamaran.

Mai kallo zai zaci ƙyallen ne kaɗai ke aiki. Ba haka ba ne. In iska ta bugo ta gefe, jirgin zamewa zai yi ta yi, maimakon ya ci gaba. Don haka ake huda rami a cikin kowane gindi, a zura wani dogon allo ya nutse cikin ruwa, kamar yadda ake zura wuƙa cikin kube. Da yake ruwa ya fi iska nauyi wajen sau 800, ɗan allon nan ya isa ya tare zamewar da ƙaton ƙyalle ke jawowa.

Amma fa kowane allo yana jan jirgi baya, gama ruwa na gogarsa. A nan gwanintar maƙera take. Gajeren allo mai faɗi yana cin gudu. Dogo siriri ya fi riƙe ruwa, jansa kuwa kaɗan ne, sai dai yana da saurin karyewa, kuma ba ya son wuri marar zurfi. Shi ya sa matuƙa ke tura shi ƙasa in za su tunkari iska, su zare shi sama in iskar na bayansu. Jirgin Hobie 16, wanda aka ƙago a Amurka kuma ake tuƙawa a Ikko, ba shi da allon sam. An lanƙwasa gindinsa ne don ya riƙe ruwa da kansa, ya kuma hau yashi ba fargaba.

Babban canji ya zo a gasar kofin Amurka ta 2013 a San Francisco, inda aka kara da jirage masu tsawon ƙafa 72. Mutanen New Zealand suka fara lanƙwasa ƙarshen allon ya kwanta kamar fiffike. Da gudu ya yi ƙarfi, sai fiffiken ya ɗaga jirgin duka bisa ruwa, gogayya ta ragu ƙwarai. Gudunsu ya wuce mil 50 a awa, kusan ninki biyu na iskar da ke tura su. Ƙungiyar Oracle ta Amurka ta koyi dabarar, tana baya da 8 da 1, ta farfaɗo ta ci 9 da 8.

Manyan jiragen nan ba su rasa hatsari ba. A watan Mayu na shekarar, jirgin Artemis na Suwidin ya kife wajen gwaji, Andrew Simpson, Baturen Ingila mai lambar zinariya ta wasannin Olimfik na 2008, ya rasu a ciki. Duk da haka dabarar ba ta tsaya ba. A wasannin Tokyo na 2021, ƙananan jiragen Nacra 17 a kan irin fikafikan nan suka yi tserensu, namiji ɗaya da mace ɗaya a kowane jirgi.