Kama Layi Ta Waya Kafin Ka Bar Gida

Duk wanda ya taɓa rufe rumfarsa ranar kasuwa domin ya kai yaro asibiti ya san tsadar jira. Ka yi sammako, ka tarar da benci cike, kafin a kira sunanka an yi azahar, cinikin ranar kuma ya wuce. Idan kasuwar mako ce, irin ta Maigatari da ke ci ranar Alhamis, to asarar ta kwana bakwai ce. Haka abin yake a wurin tela da mai kitso da mai gyaran waya. Wannan ne ya sa ƙananan asibitoci da masu sana'ar hannu suka fara amfani da manhajojin ajiye lokaci ta intanet.

Aikinsu ba shi da wuyar fahimta. Mai sana'a yana rubuta ranakun da yake buɗewa, da sa'o'in aikinsa, da tsawon lokacin da kowane aiki yake ci, misali minti 20 domin awo, ko awa 3 domin kitso. Manhajar sai ta yanka ranar gurbi-gurbi. Kai kuma za a turo maka adireshin shafin, ka buɗe, ka zaɓi gurbin da ya yi maka, ka sa sunanka da lambar wayarka. Daga nan gurbin ya rufe, ba a sake ba wa wani. Kafin ranar ta zo, saƙo zai shigo yana tuna maka. Calendly da Google Calendar suna cikin masu wannan aiki. WhatsApp Business, wanda aka fi sabawa da shi a kasuwanninmu, yana nuna lokutan aiki, yana kuma mayar da amsa da kansa, amma sai mai shago ya riƙe littafinsa domin kada ya ba mutum biyu lokaci ɗaya.

A ganinmu, saƙon tunatarwar nan ya fi duk sauran amfani ga iyali. Allurar rigakafin jariri tana da ranaku: ranar haihuwa, sannan mako 6, mako 10, mako 14, sai wata 9. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma, tun shekarar 2016, ta ba da shawarar mai juna biyu ta ga ma'aikacin lafiya sau 8 kafin ta haihu. Uwar da ke suyar ƙosai tun asuba ba za ta riƙe waɗannan ranaku duka a ka ba, kuma katin asibiti yakan ɓace a ƙasan akwati.

Sai dai mai ƙetare iyaka yana da nasa tarnaƙin. Idan ka taso daga Maraɗi zuwa Katsina ka canza layi a hanya, saƙon tes zai tafi kan layin da ka cire. Saboda haka ka ba da lambar da take kan WhatsApp ɗinka, domin shi yana ci gaba da aiki ko da ka sa wani layi, muddin kana da data. Ka rubuta lambar da alamar ƙasarta, +234 ta Najeriya, +227 ta Nijar. Idan babu ita, saƙon ba zai iso ba.

Ka kuma lura da yadda aka rubuta lokacin. A Nijar idan an ce 14h, ƙarfe 2 na rana ake nufi. Wasu manhajojin Amurka suna fara rubuta wata kafin rana: 03/04 a wurinsu 4 ga Maris ne, a wurinmu kuwa 3 ga Afrilu. Agogon Najeriya da Nijar da Kamaru da Chadi ɗaya ne, amma Ghana tana baya da awa guda.

Ke mai kitso, ko kai mai shago, idan za ku fara, kada ku cika ranar maƙil. Ku bar sarari ga lokutan salla, da ga wanda zai shigo ba tare da waya ba, domin tsofaffi da yawa ba sa karatun boko, wasu kuma ƙaramar waya gare su. Ku karɓi kira da saƙon murya, ku shigar musu da sunan da kanku. Suna da lamba sun isa. Ba a rubuta bayanin ciwon mutum a shafin da yaron shago yake buɗewa. A Najeriya dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ɗora alhakin tsare su a kan wanda ya karɓa.

Idan an nemi kafin alƙalami, ka kira lambar da ka sani ka tabbatar kafin ka tura naira ko sefa, kuma kada ka ba kowa lambar sirrin asusunka. Idan uzuri ya taso, ka soke da wuri domin wani ya samu gurbin.

Akwai abin da ba a kama masa layi. Zubar jini ga mai ciki, jijjigar yaro, zazzaɓi mai zafi, ko numfashi da ƙyar, waɗannan a tafi asibiti mafi kusa nan take, ko a wane ɓangaren iyaka kuke.