Buɗe iyaka: me mai sarrafa kaya zai samu a ciki?

Ba mu manta da daminar 2023 ba. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, CEDEAO ta saka wa Nijar takunkumi, Najeriya ta rufe iyaka, ta kuma yanke wutar da take sayar mana, wadda ita ce kusan kashi 70 cikin ɗari na lantarkin ƙasar. Sai ranar 24 ga Fabrairun 2024 aka ɗage takunkumin, a watan Maris motoci suka koma ratsa Ɗan Isa da Kwanni.

Idan ana wannan magana, ɗan kasuwa aka fi tunawa, mai kai albasar Galmi ko raguna. Amma akwai wanda ya fi shi shan wuya: mai sarrafa kaya, daga masana'antar siminti ta Malbaza har zuwa ƙungiyar mata masu matsar man gyaɗa a ƙauye. Shi hanya biyu yake bukata, ta shigowa da ta fita.

Ta shigowa dai a fili take. Gyaɗar tamu ce, to amma injin fa? Ƙarfen da ya karye a cikinsa, jarka, ledar ƙunshi, kusan duk daga waje suke zuwa. Ga shi ba mu da teku. Daga Kotonu zuwa Yamai ya haura kilomita 1,000, kuma da aka rufe gadar Gaya da Malanbil, sai kaya suka koma biyowa ta Lome da Burkina, da rakiyar soja. Kowane kwana da mota ta ƙara a hanya, a kan kuɗin kayan yake hawa.

Ta fita kuwa ita ce ba a cika ganewa ba. Mai masana'anta, ko buhu goma ya sayar ko dubu, sai ya biya haya da albashi da bashin banki. In masu saye sun yi yawa, nauyin nan ya rarrabu a kan kaya da yawa, farashi ya sauko. Mu a Nijar mun haura miliyan 25, yawancinmu kuma manoma ne da kuɗi ba ya zama a hannunsu sai da kaka. Najeriya ta wuce miliyan 200, kuma Kano ta fi Yamai kusa da Maraɗi da Damagaram nesa ba kusa ba.

Ku dubi fatar jar akuyar Maraɗi, wadda aka san ingancinta har Turai. Da yawanta ɗanya take tsallakawa Kano, can ake jeme ta, can ake cin ribar aikin. Wa zai zuba miliyoyi ya kafa babbar majema a nan, alhali bai san ko baɗi za a bar shi ya fitar da kayansa ba? Ai an gani: Najeriya ta rufe iyakokinta daga Agustan 2019 har Disamban 2020, makonni kaɗan bayan ta sa hannu, a nan Yamai, kan yarjejeniyar kasuwar Afirka ta bai-ɗaya, wato ZLECAf. A ganinmu, rashin tabbas ɗin nan ya fi kuɗin duwan hana mutane saka jari.

Kada kuma mu ruɗi kanmu. Ƙofar da kayanmu za su fita, ta nan na wasu za su shigo. Duk lokacin da naira ta faɗi, sabulu da taliya da robobin Najeriya sai su yi araha a kasuwanninmu, namu kuma su yi tsada a can. Mai ƙaramar masana'anta da ke fama da ɗaukewar wuta ba zai iya wannan kokawa shi kaɗai ba. Shi ya sa ZLECAf ta tsara cire haraji a kan kashi 90 cikin ɗari na nau'o'in kaya sannu a hankali, ta ba ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi irin tamu shekara goma. Sai dai sauƙin ba na kowane kaya ba ne: dole a nuna takardar shaidar cewa a nan aka sarrafa su. Wanda ya sayo na Sin ya sake musu kwali ba ya ciki.

Yanzu lissafi ya ɗan sauya, tunda Nijar da Mali da Burkina sun fice daga CEDEAO ranar 29 ga Janairun 2025. A lokacin, ƙungiyar ta ce a ci gaba da barin kayan ƙasashen uku suna shiga kamar da, kafin a cimma sabon tsari. Wannan tsarin shi masu masana'antunmu suka zuba wa ido, tare da layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021.