Wane Ne Namiji Sa'ad da Rumbu Ya Ƙone?

Karatu: Yohanna 13:1-17; 18:10-27; 21:1-19

 Yau maganarmu da maza ce, amma iyayenmu mata da 'yan'uwanmu mata su ma su kasa kunne, gama gida ɗaya muke.

A ƙasar Michika, tun muna yara aka koya mana abin da ake auna namiji da shi: gonarsa, rumbunsa cike da dawa, gidan da ya gina, da sunan kakanninsa. Ko Kamwe ne mu, ko Margi, ko wani yare dabam, ma'aunin kusan ɗaya ne. Waɗannan abubuwa ba laifi ba ne, kyautar Allah ce. Amma idan aka ƙwace su a rana ɗaya, wane ne ya rage?

Ba tambayar wasa ba ce. A watan Satumba na 2014 Boko Haram suka kama Michika. Ranar 29 ga Oktoba suka shiga Mubi, suka kuma mamaye hedkwatar Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya da ke Kwarhi. Waɗansunmu suka hau duwatsu, waɗansu suka ƙetare zuwa Kamaru, waɗansu suka kai Yola da ƙafa. Maigidan da yake ciyar da mutum ashirin ya tsaya a layi da kwano, yana jiran mudun masara. Da aka fara komowa a 2015, da yawa sun tarar da toka a inda rumbu yake. An sāke gina ɗakuna, amma har yau akwai maza da ba su sāke ɗaga kai ba. Wani ya shiga shaye-shaye. Wani yana huce fushinsa a kan matarsa da 'ya'yansa. Wani kuwa yana kwana da tunanin ramuwa. A ƙarƙashin duka akwai kunya guda: na gudu, ban kāre gidana ba, ashe ni ba namiji ba ne.

Bari mu dubi Bitrus

Siman Bitrus masunci ne, mai jirgi, mai iyali, mai ƙarfin hali. Ya nemi sanin kansa ta hanyoyi uku da muka sani sarai.

Na fari, ta wurin girma. A daren jibin ƙarshe Yesu ya yi ɗamara da mayafi, ya zuba ruwa a daro, ya soma wanke ƙafafun almajiransa. Bitrus ya ƙi. A ganinsa babba ba ya durƙusawa.

Na biyu, ta wurin takobi. A cikin lambu, da aka zo kama Yesu, ya zare takobi ya sare kunnen Malkus, bawan babban firist. Yesu ya umarce shi ya mayar da takobin kube.

Na uku, ta wurin cika baki. Ya riga ya yi alkawari zai ba da ransa saboda Ubangiji. Amma a wannan dare, a bakin wuta, ya yi musun sanin Yesu har sau uku, na farkon ma a gaban wata baiwa mai tsaron ƙofa. Girma ya tafi, takobi ya tafi, baki ya mutu.

To, me Yesu ya yi da mutumin nan? Bayan tashinsa daga matattu ya same shi a bakin Tekun Tibariya. Ya hura wuta, ya ba shi kifi da gurasa. Bai tambaye shi dalilin gudunsa ba. Sau uku ya tambaye shi ko yana ƙaunarsa, sau uku kuma ya danƙa masa kiwon tumakinsa. Mu tuna, tun ranar da suka fara haɗuwa Yesu ya raɗa masa suna Kefas, wato dutse (Yohanna 1:42), tun bai yi kome ba. Sunan ba ladan jaruntakarsa ba ne, don haka fāɗuwarsa ba ta iya share shi ba.

Ga abin da muke so kowane namiji ya riƙe: abin da kake, Almasihu ne ya ba ka, ba gonarka ba. Abin da wuta ba ta ba ka ba, wuta ba za ta iya ƙwace maka ba.

Mun gani da idonmu

A farkon Janairu na 2020 aka kai hari Michika, aka tafi da Rabaran Lawan Andimi, mai hidima a EYN, shugaban ƙungiyar CAN na ƙaramar hukumar. A saƙon bidiyo da aka fitar ya yi magana a natse. Ya nuna bai karai ba, gama kome yana hannun Allah. Ranar 20 ga watan aka kashe shi. A wurin nan ba shi da gida, ba shi da makami, ba shi da muƙamin da zai cece shi. Amma ya san ko shi na wane ne.

Yaya za mu yi zaman wannan?

A cikin EYN, wadda aikinta ya fara a Garkida a 1923, muna wanke wa juna ƙafa a lokacin Jibin Ubangiji. Dattijo ya durƙusa a gaban saurayi, mai shago a gaban ɗan ƙwadago. Kada mu bar wannan daro a majami'a, mu kai shi gida.

Idan ka ɓata wa matarka rai, ka nemi gafararta da bakinka. Idan tunanin gudun nan yana hana ka barci, ka faɗa wa fasto ko wani dattijo amintacce, gama kuka bai rage Bitrus da kome ba. Ka zauna da 'ya'yanka da dare, ka karanta musu Maganar Allah, ka yi addu'a da su da harshenku na gida. Maƙwabcinka Musulmi, wanda shi ma wataƙila ya yi hasara, ka gaishe shi, kada ka ɗora masa laifin da bai yi ba. Ka koma gona kuma, ka yi noma da ƙarfinka, amma a matsayin ɗan Allah mai noma, ba wanda noma ya mai da shi mutum ba.

Wasiƙar Bitrus ta fari, zuwa ga masu bi da suke warwatse a baƙuwar ƙasa ya rubuta ta. Wanda ya gudu shi ne ya zama mai ƙarfafa waɗansu. Ɗan'uwa, haka Ubangiji yake so ya yi da kai.

Mu yi addu'a

Ya Uba, ka san abin da muka rasa, ka san abin da muke jin kunyarsa. Ka tuna mana da sunan da ka kira mu da shi. Ka karɓi takobi daga hannunmu, ka ba mu zuciyar hidima ga iyalanmu da maƙwabtanmu. Cikin sunan Yesu muka roƙa. Amin.